Kurakuran da Ake Yawan Yi Wajen Zaɓen Abokan Karawa na Wajen Rukuni a Ƙwallon Jami'o'in Amurka

A ƙwallon Amurka na manyan jami'o'i, wato matakin FBS, kowace makaranta na buga wasa 12 a kaka. Takwas ko tara daga ciki rukuninta, wato ƙungiyar makarantun da take gasa a cikinta, ne ke tsara mata, ba ta da ta cewa. Ragowar uku ko huɗu su ne a hannun daraktan wasanni, kuma a ɗan wannan filin ne sababbin shiga ke ta maimaita ɓarna iri ɗaya, har an gaji da gani.

Mafi tsada a ciki shi ne sayen nasara da ka. Babbar makaranta kan biya ƙarama kuɗi ta zo gidanta a buga wasa ɗaya, babu ramuwar ziyara. Sabon darakta sai ya dubi suna da farashi kawai, ya ce ai waɗannan yara ne, ya sa hannu. Michigan ta biya Appalachian State dala dubu 400 a 2007, alhali baƙin su ne zakarun matakin da ke ƙasa da FBS, wato FCS, shekara biyu a jere. Aka tashi 34 da 32, Michigan da ke ta biyar a ƙasar ta sha kashi a gidanta. To, an ɗauki darasi? Ina! Ranar 10 ga Satumbar 2022 makarantu uku na rukunin Sun Belt suka karɓi kuɗi suka kuma tafi da nasara. Appalachian State ɗin dai ta doke Texas A&M da 17 da 14 bayan an biya ta dala miliyan ɗaya da rabi, Marshall ta doke Notre Dame, Georgia Southern ta doke Nebraska da 45 da 42. Washegari Nebraska ta sallami kocinta, Scott Frost. Raina kama ka ga gayya ke nan.

Haba, ina amfanin ofis cike da ma'aikata idan babu mai buɗe tarihin abokin karawa? Ni abu uku nake dubawa kafin a kai ga zancen kuɗi: sakamakonsu na shekara huɗu da suka wuce, daɗewar kocinsu a kan kujera, da salon wasansu. Makarantar da ta saba cin kofi a matakin FCS, kamar North Dakota State da ta doke Kansas State a 2013 da Iowa a 2016, a bar ta kurum. Idan ka ci babu mai yaba maka, idan an ci ka kuwa sai dai a yi ta tuna maka. Salo ma haka yake. Makarantun soja sun shahara da wasan gudu da ƙwallo a hannu, suna cinye lokaci, suna kai wa masu tsaro farmaki ta ƙafa, ga shi sati ɗaya ba ya isa a koyi tare su. Army ta ja Oklahoma har ƙarin lokaci a 2018, ta kuma yi wa Michigan haka a 2019. Sannan a dubi gurbin da za a saka wasan. Notre Dame, wadda ba ta cikin rukuni kuma ita ke tsara yawancin jadawalinta, ta faɗi a hannun Marshall sati ɗaya bayan zuwa Ohio State, ta kuma faɗi a hannun Northern Illinois a 2024 sati ɗaya bayan ta ci Texas A&M a waje. Ƙaramar makaranta mai haƙori ba a ajiye ta bayan babban wasa.

Na biyu shi ne rashin ƙidaya wasannin gida, kuma wannan lissafi ne na 'yan firamare. Babbar makaranta tana son wasa bakwai a filinta, domin kuɗin tikiti da na ɗakunan manyan baƙi su ke ɗaukar nauyin sauran wasannin makarantar. Idan rukuninka na buga tara, kamar rukunin Big Ten tun 2016, to wata shekara biyar ne a gida, wata shekara huɗu. A shekarar huɗu dole duk ukun na waje su zo gidanka kafin bakwai ta cika. Saboda haka idan ka ƙulla yarjejeniyar zo-in-zo da wata babbar makaranta, tafiyarka ta faɗo a shekarar biyar, zuwansu kuma a shekarar huɗu. Wanda ya juya wannan zai wayi gari da wasa shida a gida, ya rasa kuɗin rana guda cur. A zana shekara goma a allo ɗaya, a rubuta gida da waje na rukuni tukuna, sannan a ɗaga waya.

Da yake ana sa hannu shekara takwas ko goma kafin ranar wasa, kwantiragi ya faɗi abin da za a yi idan ɗayanku ya sauya rukuni, ko rukuni ya ƙara yawan wasanninsa. Ziyarar da Georgia za ta kai Oklahoma a 2023 ta rushe saboda Oklahoma na shirin shiga SEC, rukunin da Georgia ke ciki, Georgia ta cike gurbin da Ball State. SEC ma ta koma wasa tara daga 2026, wato gurbi ɗaya ya ragu a jadawalin da aka riga aka cika. Kuɗin fasawa ya riƙa hauhawa yayin da ranar ke matsowa, in ba haka ba za a bar ka da gurbi lokacin da kowa ya gama ciniki. Manyan wasanni nakan yarda a ƙulla su da wuri, waɗanda ake biyan baƙi kuɗi kuwa shekara biyu ko uku sun isa, don a ga ainihin wanda ake saya.

Sauran ƙanana ne. Kada a saka makarantun FCS biyu a kaka ɗaya, domin nasara ɗaya tak ake ƙirgawa daga cikinsu a shidan da ake buƙata don samun wasan Bowl, wato ƙarin wasan da ake bugawa bayan an gama kaka. Wanda ya je Hawaii an yarje masa wasa na 13, ya yi amfani da shi a gida ya mayar da kuɗin jirgi. Ƙaramar makaranta kuma kada ta jera wasannin biya uku a Satumba, za ta shiga wasannin rukuni da guragu.

Batun laushin jadawali ne ba a gama yanke shi ba. Baylor ta ci 11 ta faɗi ɗaya a 2014, amma da SMU da Northwestern State da Buffalo a takardarta sai ta ƙare ta biyar, gurbin shiga gasar fitar da zakaran FBS kuwa huɗu ne. Da aka faɗaɗa gasar zuwa 12 a 2024, Indiana ta shiga da jadawali mai laushi irin wannan. Ra'ayina dai babba ɗaya, matsakaici ɗaya, ƙarami ɗaya, kuma ƙaramin ya zo a satin farko.