Darasi Na Tara: Giyar CVT, Yadda Take Aiki Da Yadda Ake Kula Da Ita

Duk wanda ya taɓa tuƙa keke mai giya ya san cewa idan zai hau tudu yakan mayar da sarƙa kan babban faifai na tayar baya domin ya sami sauƙin takawa, idan kuma ya fito shimfiɗaɗɗiyar hanya sai ya mayar da ita kan ƙaramin faifai domin keken ya yi gudu. Aikin giya ke nan a mota ma: ita ce ke daidaita juyin inji da juyin taya. A giyar hannu da kuma giyar otomatik ta gargajiya, wannan daidaitawa hawa-hawa ce, daga giya ta ɗaya zuwa ta biyu har ta biyar ko ta shida, kuma babu wurin tsayawa tsakanin hawa da hawa. Giyar da za mu karanta a wannan darasi ba ta da waɗannan hawa. Ana kiranta CVT, wato taƙaitaccen sunanta na Turanci, ma'anarsa kuwa giyar da ke canzawa a hankali ba tare da yankewa ba.

Abin da ke cikin akwatin

Idan bakanike ya buɗe irin wannan giya, manyan abubuwa uku zai tarar: fuli biyu da bel ɗaya da ya zagaye su. Fuli na farko yana karɓar ƙarfi daga inji, na biyu yana miƙa shi ga tayoyi. Kowane fuli haɗin faifan ƙarfe biyu ne masu siffar mazurari, suna fuskantar juna, ɗaya a kafe yake, ɗaya kuma yana iya matsowa ko ja da baya. Tsakaninsu akwai rami mai siffar harafin V, a nan bel yake zaune. Idan faifan suka matso kusa da juna, ramin zai tsuke, sai bel ya hau sama ya yi babbar da'ira. Idan suka buɗe, sai bel ya nutse ƙasa ya yi ƙaramar da'ira. Da yake tsawon bel ba ya canzawa, duk lokacin da fuli ɗaya ya tsuke dole ɗayan ya buɗe.

Mu yi ɗan lissafi domin abin ya zauna. A ce faɗin da'irar bel a fulin inji santimita 6 ne, a fulin taya kuma 12. Sai fulin inji ya juya sau biyu kafin na taya ya juya sau ɗaya, wannan ita ce ƙaramar giya, mai ƙarfi, ta tayar da mota daga tsaye. Idan aka juya lissafin, fulin inji ya zama 12, na taya ya zama 6, juyi ɗaya na fulin inji zai ba da juyi biyu a ɗaya ɓangaren, wannan ita ce babbar giya ta doguwar tafiya. Tsakanin 6 da 12 kuwa bel na iya zama a ko'ina, a 7, ko a 9 da rabi, shi ya sa ba a ƙidaya yawan giyar CVT.

Bel ɗin mota ba na roba ba ne kamar fambel. An yi shi da ɗaruruwan ƙananan ƙarafa da aka jera a jikin siraran zobban ƙarfe, kuma abin mamaki, tura fuli na biyu yake yi, ba jan sa ba, domin kowane ƙarfe yana ingiza na gabansa. Wasu kamfanoni, kamar Subaru, sarƙa suke sakawa a madadinsa.

Wane ne ke ba da umarni?

A ƙananan babura marasa giyar ƙafa, babu wata kwamfuta a cikin lamarin. Akwai wasu 'yan dunƙulallun nauyi a bayan faifan fulin inji, waɗanda gudun juyi ke wurga su gefe, su kuma su tura faifan ya matso, a baya kuma sifirin ne ke riƙe ɗaya fulin. A mota abin ya fi haka zurfi. Na'urori suna auna gudun kowane fuli, da yadda direba ya taka totur, da zafin mai, su aika wa kwamfutar giya, ita kuma ta buɗe ko ta rufe ƙofofin da mai ke bi. Famfon da ke cikin akwatin ne yake matsa man, matsin man kuma shi ke tura faifan.

A nan ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi nazari, domin nan ne rayuwar wannan giya take. A giyar hannu haƙoran ƙarfe ne ke shiga cikin juna, amma a CVT babu abin da ke riƙe bel sai matsi da gogayya. Idan matsin ya gaza, bel zai zame ya kankare fuskar fuli, kuma fulin da ya kankaru ba ya komawa daidai. Idan matsin ya yi yawa, famfo zai ci ƙarfin inji a banza, ƙarafa su riƙa gajiya. Saboda haka man CVT ayyuka huɗu yake yi lokaci guda: yana tura faifai, yana sanyaya akwati, yana hana ƙarafa cin juna, yana kuma barin bel ya kama fuli ba tare da santsi ya yi yawa ba.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin DAF na ƙasar Holan ya nuna ƙaramar motarsa DAF 600 a shekarar 1958 da giya mai bel ɗin roba da aka kira Variomatic, ƙirƙirar Hub van Doorne. Bel ɗin ƙarfe ya shiga motocin kasuwa a 1987, a Subaru Justy da wasu ƙananan motocin Fiat da Ford. Sai dai a kula, abin da ake kira e-CVT a Toyota Prius, wadda ta fito a 1997, ba shi da fuli ko bel, haƙoran giya ne da injinan lantarki suke yin aikin.

Abin da direba zai ji

Sabon shiga yakan tsorata idan ya taka totur ya ji ƙarar inji ta tashi ta tsaya wuri guda alhali mota tana ta ƙara gudu, sai ya zaci kuloci ne ke zamewa. Yawanci lafiya lau ne. Kwamfuta ce ta ajiye inji a juyin da ya fi ba da ƙarfi, fulin kuma suna canzawa a ƙarƙashinsa, a tafiyar yau da kullum kuwa takan ajiye shi a juyin da ya fi tsimin fetur. Alamar matsala daban take: inji ya yi ta kuka mota ba ta ƙara gudu, ko ta riƙa karkarwa wajen tashi, ko a ji wani siririn kuka da ba a saba ji ba, ko man ya yi warin ƙuna. Wani lokaci idan mai ya yi zafi fiye da kima, kwamfuta takan rage wa mota ƙarfi da gangan. Idan haka ta faru, a sauka gefen hanya a bar ta ta huce, kada a dage da taka totur.

Kula da ita

Babban kuskure shi ne zuba man giyar otomatik ta gargajiya a cikin CVT, da zaton ai duk man giya ɗaya ne. Kowane kamfani yana da nasa, misali NS-2 ko NS-3 a motocin Nissan, da HCF-2 a Honda, kuma littafin mota ne zai faɗi wanda ya dace da lokacin canza shi. A ganina, wanda ke yawan tuƙi cikin zafi da cunkoso gara ya bi gajeren wa'adin da littafin ya ware wa tuƙi mai wahala, domin zafi ne ke saurin tsufar da mai. A tabbata mota ta tsaya cak kafin a mayar da giya daga D (gaba) zuwa R (baya). A kan tudu a riƙe ta da birki, ba da totur ba. Kada a yi mata lodin da ya wuce ƙa'ida, kuma idan ta maƙale a yashi ko laka kada a bar tayoyi su yi ta juyawa a banza, domin lokacin da taya ta cafki ƙasa farat ɗaya, bel ne ke ɗaukar bugun. Idan ta lalace a hanya, a ɗora ta kan motar ɗaukar mota, ko a ɗaga tayoyin da ke jan ta sama, saboda famfon mai ba ya aiki idan inji a kashe yake.

Aikin gida

Idan faɗin da'irar bel a fulin inji santimita 5 ne, a fulin taya kuma 15, sau nawa fulin inji zai juya kafin na taya ya juya sau ɗaya, kuma wannan giyar tashi ce ko ta gudu? Bayan haka, nemi littafin wata mota mai CVT, ka duba shafin da ya yi bayanin man giya, ka kwafo sunan man da adadin kilomitar da aka ce a canza shi, ka zo da su aji na gaba.