Yadda za ku fara aiki da tsarin Ajayil

Idan kuna gina manhaja, kar ku kulle kanku wata shida kuna rubuta kod sannan ku fito ku nuna wa kwastoma, wallahi sai ya ce ba haka yake nufi ba. Matsalar da Ajayil (Agile), wato tsarin gina manhaja kaɗan-kaɗan ana nuna wa kwastoma, ya zo magancewa kenan, tun 2001 da mutum 17 suka haɗu a Snowbird ta jihar Utah a Amurka suka fitar da ƙa'idojinsa.

Da farko ku zauna da mai aikin a jera duk abin da yake so, mafi muhimmanci a sama, kuma shi ne zai faɗi wanne ne gaba, ba ku ba. Sai ku ɗebi iya abin da za ku gama cikin sati biyu, a tsarin Sikiram (Scrum), ɗaya daga cikin hanyoyin yin Ajayil, ana iya kaiwa wata ɗaya amma ni dai a ganina ya yi tsawo, mutane sai su saki jiki.

Kullum a haɗu minti 15, kowa ya faɗi inda ya tsaya da abin da ya tare shi. Ba wurin ba oga rahoto ba ne fa.

Ku buɗe allo mai layi uku a manhajar bibiyar aiki irin su Trello ko Jira: za a yi, ana yi, an gama. Kar mutum ɗaya ya riƙe aiki biyar a tsakiya.

Sati biyun na cika ku nuna wa kwastoma abin da ke aiki a waya ko kwamfuta ya taɓa da hannunsa, sannan ku zauna ku kaɗai ku zaɓi abu ɗaya da za ku gyara a zagaye na gaba.