Shawara ga masu fara darasin ƙananan halittu: ku fara da ƙwaryar kindirmo

Assalamu alaikum ƴan uwa ɗaliban shekarar farko a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Duk wanda darasin anzim, wato sinadarin da ke hanzarta aiki a jikin halittu, ya ɗaure wa kai, shawarata ita ce ya ajiye hadda tukuna, ya tsaya kusa da mai haɗa kindirmo ya lura da hannunta.

Tana tafasa madara domin kashe ƙwayoyin da ba a so, sannan ta bari ta huce har yatsa ya iya jure ɗuminta, kafin ta zuba cokali guda na tsohon nono. A cikin wannan cokali akwai bakteriya, ƙananan halittun da ido ba ya gani, masu cin sukarin madara, wato laktoz, su samu ƙarfin rayuwa, su fitar da asid mai tsami, abin da masanin kimiyya Louis Pasteur ya bayyana tun 1857. Anzim ɗin da ke cikinsu ne ke hanzarta aikin, kuma da yake furotin ne, zafi mai tsanani yana lalata siffarsa har ya daina aiki. Shi ya sa idan aka yi garaje aka zuba a madara mai tururi, sai a wayi gari ba ta kama ba. Ɗumin digiri 40 zuwa 45 a ma'aunin Selshiyos ya fi dacewa da bakteriyar yawut, wato kindirmon kanti, yayin da sanyin firji ke rage musu sauri kawai ba tare da ya kashe su ba, kuma a nan ɗalibai suka fi faɗuwa a jarrabawa.

Ku gwada a gida da kofi uku na madara: mai zafi, mai ɗumi da na firji, ku zuba wa kowanne cokali guda na tsohon nono, ku duba bayan awa 8.