Kada ka taɓa giyar tsohon kekenka, fara da sarƙa da birki

Jama'a, wanda ya sayi tsohon keken hawan dutse na hannu, irin na shekarun 1990 mai giyar kamfanin Shimano samfurin Deore LX ko STX, kada ya yi saurin cire ta don saka ta zamani. Canza sarƙa, wayoyin giya da na birki, da robar birki. Shi ke nan.

Yawancin giyar da ake cewa ta mutu, tsatsa ce da busasshen maiko suka riƙe wayar. Ka sa sabuwar waya, ka ga tana shiga ƙas-ƙas.

Canza giyar kuwa rami ne. Giyar Shimano ta keken dutse mai hawa 10 ba ta jan waya daidai da mai hawa 7, 8 ko 9, don haka sai ka sayi maɓallin giya, da faifan haƙoran baya, da sarƙa siririya. In kekenka mai hawa 7 ne, faifan ma ba zai zauna a cibiyar tayar ba. Kafin ka ankara kuɗin ya wuce na keken.

Birki ma haka. In ka koma V-brake, wato birki mai dogayen ƙafafu biyu da ya zo daga baya, dole ka canza hannun birki, na da ba ya jan waya isasshe.

Inda shawarar ba ta aiki: in haƙoran faifai sun cinye sun yi tsini, sabuwar sarƙa za ta riƙa tsalle, sai a canza su tare. In kuma firam ɗin, wato gangar jikin keken, ya tsage, kada ka kashe masa ko sisi.