Yadda ake jera ƙananan zanuka don kwatanta farashin shinkafa a kasuwannin Kebbi

Tattara farashin buhun shanshera daga kasuwanni aiki ne, amma wurin zana shi ne gizo ke saƙa. Idan ka zuba Birnin Kebbi da Argungu da Jega da Kamba da Yawuri da Zuru cikin zane guda, layuka shida za su sarƙe, mai dubawa ya rasa wanne ne wanne. Mafita ita ce kowace kasuwa ta samu ɗan zanenta, a jera su kusa da juna. Edward Tufte, wanda ya koyar a jami'ar Yale ta Amurka, shi ya yayata wannan salo a littafinsa na 1983. Ga yadda ake yi da Excel.

Da farko ka gyara jadawalinka. Watanni 12 su sauko a layin tsaye na farko, kowace kasuwa ta ɗauki nata layin, na ƙarshe kuma ka sa matsakaicin farashin kasuwannin duka. Watan da ba ka samu farashi ba ka bar gurbinsa fayau. Kada ka rubuta 0, don zanen zai nuna kamar an yi kyautar shinkafa a watan.

Sai ka zana na kasuwa ɗaya kawai, ka ƙawata shi har ya gamsar da kai. Layin kasuwar ya zama mai kauri da launi mai ƙarfi, na matsakaici kuma siriri, ruwan toka. Wannan siririn layi zai bayyana a kowane zane, da shi ido zai gane kasuwar da ta fi tsada. Cire akwatin bayanin launuka, ka bar sunan garin a sama.

Yanzu ga mataki mafi muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Excel kan zaɓar wa kowane zane ma'auninsa, wani ya tsaya a 40,000, wani ya kai 60,000. Mai dubawa zai ga layuka biyu tsayinsu ɗaya, ya ɗauka farashin ma ɗaya ne, alhali akwai rata mai yawa. Tamkar a auna wa mutum biyu hatsi da mudu daban ne, a ce musu daidai aka ba su. Danna lambobin gefen zanen da maɓallin dama, ka zaɓi Format Axis, ka rubuta Minimum da Maximum da hannunka. A ce mafi tsada a duk jadawalin naira 48,000 ne, to sa 50,000, kuma haka za ta kasance a zanukan duka shida. A ganina, in ba za a yi wannan ba, gara a miƙa wa mutane jadawalin lambobi kawai.

Bayan nan ne za ka kwafi zanen sau biyar. A kowane kwafi shiga Select Data ka sauya kasuwar, ka gyara suna. Wurin jerawa, riƙe maɓallin Alt kana jan zanen, zai manne da gefen ɗakunan jadawali. Align da Distribute su daidaita sauran.

Wa zai zo farko? Jerin abacada ba ya faɗa wa kowa komai. Ko dai ka fara daga mafi tsada zuwa mafi araha, ko ka bi yadda garuruwan suke a ƙasa: Argungu da Birnin Kebbi na arewa a sama, Yawuri da Zuru na kudu a ƙasa. Ɗan Kebbi na ganin haka zai gane ba sai an yi masa bayani ba.

Kasuwanni shida sukan zauna uku-uku a layi biyu. In ƙananan hukumomi 21 na jihar kake so, uku-uku a layi bakwai ya fi, domin yawancin masu dubawa a waya za su gani ta WhatsApp, kuma fuskar waya doguwa ce. Masu aiki da manhajar ƙididdiga ta R za su huta: umarnin facet_wrap na kunshin zane ggplot2 yana jera su da ma'auni ɗaya kai tsaye, sai dai ka faɗa masa adadin da kake so a layi da ncol.

Lambobin farashi su tsaya a zanukan hagu kaɗai, sunayen watanni a na ƙasa. Sannan ka ɗauki hoton aikin ka tura wa wayarka. In sai ka buɗa hoton da yatsu kafin ka karanta sunan gari, ƙara girman rubutun ko ka rage zanukan zuwa biyu a layi.