Yadda za ka mayar da Windows ɗinka kan sabon SSD ba tare da ka yi fomatin ba

Wani abokina yana da ɗan shagon buga takardu da katin biki a wajen Kabuga a Kano, laftof ɗinsa HP ce irin tsofaffin nan na hannu, kuma wallahi in ya kunna ta da safe sai ya share shago ya je ya karɓo shayi ya dawo kafin ta gama buɗewa. Ya kai ta kasuwa aka ce masa haddis ɗin, wato faifan da ke ajiye komai na kwamfutar, shi ne ya tsufa, ya sayi SSD, sabon nau'in faifai mai sauri, a yi masa fomatin, wato a goge komai, a zuba sabon Windows. Nan fa ya ja da baya, don a cikinta akwai CorelDRAW ɗinsa da ya saba da shi, da tarin haruffan zane na Larabci da na boko da ya shekara da shekaru yana tarawa, da direban firinta, wato manhajar da ke sa firinta aiki, wanda shi kansa bai san inda ya samo shi ba. Shawarar SSD ɗin daidai ce, amma maganar fomatin ɗin ce ba dole ba. Ana iya ɗaukar komai yadda yake, Windows da manhajoji da fayiloli har hoton da ke kan fuskar kwamfutar, a kwafe shi kan sabon faifan, shi ne masu gyara ke ce wa kulonin. Ni na yi masa a yamma ɗaya, ga yadda aka yi.

Kafin ka kashe ko sisi, fara sanin wane irin faifai kwamfutarka ke ɗauka. Akwai SSD mai inci 2.5 wanda ke shiga daidai gurbin tsohon haddis na laftof, akwai kuma M.2 siriri kamar cingam, shi ma kashi biyu ne, na SATA da na NVMe, kuma ba kowace kwamfuta ce ke karɓar duka biyun ba ko da ramin ya yi kama. Ka rubuta lambar samfurin da ke ƙasan laftof ɗin ka bincika, ko ka ɗauke ta ɗungurungum ka je da ita Beirut Road ko Farm Centre a buɗe a gabanka. Sannan ka haɗa da kebul ɗin USB zuwa SATA, ko ɗan akwatin nan da ake saka faifai a ciki a jona shi ta waje, in kuma M.2 ne to nasa akwatin daban. Mai babbar kwamfuta ta tebur shi ba ruwansa da wannan, akwai wurin jona faifai na biyu a ciki.

Maganar girma kuma, ba dole sai sabon ya kai tsohon ba, abin da ake dubawa shi ne kayan da ke ciki. In haddis ɗinka 500GB ne amma abin da ka cika bai wuce 150GB ba, SSD mai 256GB zai ɗauke shi. Sai dai ka sani 256GB ɗin nan in ka jona shi wajen 238GB za ka gani, ba cutarka aka yi ba, lissafin kamfani da na Windows ne suka bambanta. Cuta tana wani wajen: akwai jabun SSD a kasuwa, kwali mai kyau sunan kamfani raɗau amma cikinsa ba haka ba. Ka saya a wurin wanda in matsala ta taso za ka iya komawa ka same shi, in ka dawo gida kuma ka duba shi da CrystalDiskInfo, zai nuna maka lafiyarsa da awannin da ya yi yana aiki, don wani "sabon" za ka tarar ya sha duniya.

To yanzu sai shara. Ka kwashe finafinai da wa'azozin da ka riga ka saurara da hotunan biki ka mayar wani wajen, ka zubar da abin da ke Recycle Bin, ka leƙa Downloads don nan ne bolar kowace kwamfuta. Ka buɗe Disk Cleanup ka goge tsofaffin fayilolin sabuntawa, in akwai folda mai suna Windows.old ita kaɗai tana iya cin gigabait da yawa. Duk abin da ka rage yanzu lokaci ne ka rage wa kanka anjima.

Daga nan ka kwafi abubuwan da in suka ɓata za ka yi kuka, furojet ɗin makaranta ne ko lissafin shago, ka zuba su a falash ko Google Drive. Na san za ka ce ai kulonin ba ya taɓa tsohon faifai, gaskiya ne, manhajar ba ta taɓa shi, amma hannunka yana iya taɓawa. Zan zo kan wannan.

Abubuwa biyu za ka duba a cikin Windows ɗin kafin ka fara. Na farko BitLocker, wato makullin da ke rufe faifai gaba ɗaya. Laftof da yawa masu Windows 11 suna zuwa da shi a kunne mai ita bai ma sani ba. Ka rubuta BitLocker a wurin bincike, ko ka shiga Settings ka nemi Device encryption, in a kunne yake ka kashe shi ka jira ya gama warwarewa, kuma ka ajiye lambobin ceto guda 48 ɗin nan da ke cikin asusunka na Microsoft, ka ɗauke su hoto a waya ma. Na biyu tsarin faifan, MBR ne ko GPT. Ka danna madannin Windows da R tare, ka rubuta diskmgmt.msc, in ya buɗe ka danna dama a kan Disk 0, ka shiga Properties sannan Volumes, za ka ga Partition style. Tsofaffin kwamfutoci masu tashi da tsohon BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke fara tayar da kwamfuta kafin Windows, su ne ke amfani da MBR, na baya-bayan nan masu sabon samfurinsa UEFI kuma GPT. Ka riƙe wanda ka gani a ka.

Tunda kana cikin Disk Management ɗin, tsaya ka kalli faifan naka da kyau. Za ka ga ba C kaɗai ba ne, akwai wasu ƙananan fatishan, wato sassan da aka raba faifan, marasa harafi, ɗaya wajen 100MB an rubuta EFI System Partition ko System Reserved, wani kuma Recovery. Wannan ɗan ƙaramin na farko shi ne ke tayar da Windows. Shi ya sa masu cewa "ai sai in kwafi folda ɗin Windows in liƙa a sabon faifai" suke wahalar banza, ba za ta tashi ba har abada, kamar ka kwashe kayan ɗaki ne ka kai sabon gida ka manta mukullin ƙofa.

Yanzu ka jona SSD ɗin ta kebul. In sabo ne fil, Disk Management zai tambaye ka Initialize, ka zaɓi irin tsarin da ka gani a tsohon, MBR ko GPT, ba sai ka ƙirƙiri fatishan a kai ba.

Manhajar da za ta yi aikin suna da yawa. In SSD ɗinka Samsung ne suna da tasu kyauta, Data Migration, amma kan faifan Samsung kaɗai take kwafewa. Crucial da Western Digital suna ba da Acronis na musamman ga masu faifansu. Macrium Reflect da mutane suka fi sani a da, kamfanin ya daina fitar da na kyautan, sai dai na gwaji. Clonezilla kyauta ce kuma tana da ƙarfi, amma allo ne na rubutu zalla, kuma tana ba da wahala in sabon faifan ya fi tsohon ƙanƙanta, ban ba wanda bai saba ba shawarar ya fara da ita. Ni DiskGenius na yi amfani da shi a shagon abokin nawa, na kyautan ya wadatar. Don Allah ka sauke daga shafin kamfanin, ka rabu da waɗanda ake turawa a guruf an ce an fasa musu makulli, manhajar da za ka damƙa wa faifanka gaba ɗaya ba wurin ganganci ba ne.

Ka buɗe DiskGenius ɗin, a sama za ka ga OS Migration, ka danna. Zai gano faifan da Windows ke kai da kansa, sai ya ce ka zaɓi inda za a kai. A nan nake so ka ajiye waya ka daina hira. Duk faifan da ka zaɓa a matsayin wurin zuwa, abin da ke kansa ya tafi. Shekarun baya ni da kaina na taɓa yin wannan ɓarnar da wata manhajar daban, faifai biyu masu girma ɗaya, ina sauri magariba ta kawo kai, na zaɓi wanda ba shi ba, na shafe wa ƙanwata hotunan sunan ɗanta na fari gaba ɗaya, har yau in an taru a gida sai ta tayar da zancen. Tun daga ranar nake cire duk wani falash da faifan waje da ba ruwansu da aikin, in karanta sunan faifan da girmansa sau biyu kafin in danna.

Bayan ka zaɓa zai nuna maka yadda fatishan ɗin za su zauna a sabon faifan. Ƙananan nan ka bar su yadda suke, C ɗin kuma ka ja gefensa ya cinye sauran filin da ya rage, in ba haka ba za ka gama ka tarar da fili a zaune ba amfani. Ka danna Start. Zai ba ka zaɓi biyu, Hot Migration wato ya yi aikin Windows na kunne, ko Reboot to WinPE wato ya kashe ta ya tashi a wani ƙaramin muhalli ya yi a can. Na farkon yana aiki lafiya in ka rufe komai ka ƙyale ta, ni dai na fi natsuwa da na biyun.

Sai maganar wuta, mu da muke Kano ba sai an yi mana bayani ba. Aikin yana iya ɗaukar minti 30, yana iya haura awa biyu, ya danganta da yawan kaya da kuma ko ramin USB ɗin 3.0 ne, mai shuɗin ciki, ko tsohon 2.0 mai jan ƙafa. In batirin laftof ɗinka irin wanda ana zare caja take mutuwa ne, kar ka fara sai a inda ke da sola ko an tayar da inji. In wuta ta ɗauke a tsakiya tsohon faifan yawanci ba abin da ke samunsa, amma aikin sai dai a sake daga farko. Mu a shagon sai da muka jira maƙwabcinsa mai cajin waya ya tayar da nasa injin muka ja waya. In kuma manhajar ta tsaya tana kukan ta kasa karanta wani wuri, alamar tsohon haddis ɗin ya fara lalacewa ne, ka buɗe Command Prompt a matsayin Administrator ka rubuta chkdsk C: /r, ka sake kunna ta ka bar ta ta yi, yana cin awanni, sannan ka sake gwadawa.

Ya gama? Kashe kwamfutar gaba ɗaya, zare caja, cire batir in mai fita ne. Kwance murfin baya da ƙaramin sukudireba, ka zuba notinan a murfin kwalba kar su bi ƙasa. Zare tsohon haddis a hankali, in yana cikin wani ɗan ƙarfe ko roba da ke riƙe shi ka mayar wa SSD ɗin, ka saka ka rufe. Karon farko ka kunna ta da sabon faifan shi kaɗai, kar ka jona tsohon, don su biyun yanzu tagwaye ne kuma Windows na iya rikicewa.

In ta tashi kai tsaye, alhamdulillahi. In ta ce ba ta ga abin tashi ba kar hankalinka ya tashi, shiga BIOS ta hanyar danna madanni da zarar ka kunna ta, a HP F10 ne ko ka fara danna Esc, Dell F2, ThinkPad F1, ka sa sabon faifan ko Windows Boot Manager a farkon jeri, ka kuma tabbata ba a sauya tsakanin Legacy da UEFI ba. Wanda ya tashi daga SATA zuwa NVMe wani lokaci yakan ci karo da shuɗin allo mai cewa INACCESSIBLE BOOT DEVICE, sau da yawa in ka shiga Safe Mode sau ɗaya ka sake kunnawa yana warwarewa. Lasisin Windows kuma ba ya tafiya don ka sauya faifai, da uwar allon kwamfutar, wato motherboard, yake ɗaure, sai dai wasu manhajojin kuɗi suna iya cewa ka sake shigar da lambarsu. Wannan kuma ya nuna maka duk bayanin nan na kwamfuta ɗaya ne, ɗaukar faifan ka kai wata kwamfutar daban wani zance ne.

Laftof ɗin abokina da ke cin lokacin shan shayi, yanzu kafin ya gyara zama a kujera ta buɗe, ya shiga Corel ya ga haruffansa duk suna nan, ya buga katin gwaji firinta ta amsa. Ya ce in goge tsohon ya samu wurin ajiya, na ce a'a Malam, sa shi a durowa tukuna. Ka ba shi sati biyu kana aiki da sabon, ka buɗe duk manhajar da kake amfani da ita, ka mayar da BitLocker in da ma kana so. In komai lafiya, sai ka saka tsohon a cikin akwatin nan da ka saya, ka jona ta USB, ka shiga Disk Management ka tabbatar shi ne ba Disk ɗin da C ke kai ba, sannan ka yi masa fomatin ya zama wurin ajiyarka.