Yadda za a sa girkin gida ya fi abincin sayarwa sauƙi da lafiya

Farantin abincin da ake saye a gidan abinci, kuɗin kayan da ke cikinsa yawanci bai wuce kashi 1 bisa 3 na abin da aka biya ba. Sauran na hayar wuri ne, da albashin ma'aikata, da wuta da gas, da ribar mai gidan. In kuma oda aka yi ta waya, ga kuɗin ɗan aike, ga kason kamfanin manhajar. Shi ya sa ake cewa girkin gida ya fi arha. Sai dai gidan da ake cefane ya ruɓe a firji, ko a dafa tukunya guda a zubar da rabi, ba su ci wannan ribar ba. Ribar tana zuwa ne idan an auna, an tsara, an kuma iya adanawa.

A fara da awo. Babban mutum ɗaya, giram 75 zuwa 90 na ɗanyar shinkafa ko taliya sun ishe shi, domin kofi ɗaya na shinkafa yana komawa kusan kofi 3 in ya dahu. Nama ko kifi, giram 100 zuwa 125. Busasshen wake yana ninka nauyinsa sau 2 ko fiye bayan jiƙo da dahuwa. Wanda ke zuba hatsi da ido kusan kullum sai ya wuce kima, kuma rarar ce ke ƙarewa a kwandon shara.

Inda girkin gida ya yi wa na waje nisa shi ne gishiri da mai, don a nan ne hannunka ke da iko. Mai sayar da abinci yana so ka dawo gobe, kuma gishiri da mai da sukari su ne hanya mafi sauƙi ta sa harshe ya yaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a wuni, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, alhali matsakaicin abin da mutanen duniya ke ci ya haura ninki biyu na haka. Yawansa na jawo hawan jini. In aka raba giram 5 gida uku, wato cin safe, rana da dare, tukunyar mutum 4 ba ta buƙatar fiye da cokalin shayi ɗaya da ɗan ƙari. Kuma dunƙulen ɗanɗano yana cikin lissafin, tunda kusan rabin nauyinsa gishiri ne. Mutane da yawa kan jefa uku su kuma barbaɗa gishiri a kai. A zuba rabin gishirin tun farko, a ɗanɗana dab da saukewa. In an ji lami, a fara gwada matsa lemun tsami, ko ƙara tafarnuwa, citta da albasar da aka soya ta yi ja, kafin a koma ga gishiri.

Mai ma a daina tsiyaya shi kai tsaye daga kwalba. Babban cokali ɗaya na ɗauke da kalori kusan 120, kuma cokali 2 zuwa 3 sun isa miyar mutum 4. Man suyar da ya yi duhu, yana kumfa ko hayaƙi da wuri, ya gama aiki, a zubar. A waje ba ka ganin sau nawa aka maimaita shi.

Gajiya ce ke kai mutum ga yin oda, don haka a yi maganinta tun kafin ta zo. A ware awa 2 sau ɗaya a mako a dafa abubuwan da ke cin lokaci: wake da aka jiƙa awa 8 zuwa 12, nama da romonsa, da markaɗen tumatir da albasa da aka dafa har ruwansa ya tsotse, tsaminsa ya mutu. A kasa su a ƙananan robobi, kowace daidai cin lokaci ɗaya. Ranar aiki sai a ɗora shinkafa ko taliya, a yanka ganye, cikin minti 20 an zauna cin abinci. Jan wake irin mai siffar ƙoda dole ya yi tafasa mai ƙarfi ta aƙalla minti 10, in ba haka ba yana sa amai da gudawa.

Adanawa ce wurin da aka fi yin kuskure. Ƙwayoyin cuta na hayayyafa da sauri tsakanin digiri 5 da 60 na ma'aunin Salshiyos, saboda haka kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a waje, a lokacin tsananin zafi ma awa 1. Kada a tura babbar tukunya cikin firji, tsakiyarta kan daɗe da ɗumi har ta yi tsami. A baza abincin a faffaɗan mazubi, kaurinsa kada ya wuce santimita 5. Abin da za a ci cikin kwana 3 zuwa 4 ya zauna a firji, sauran ya tafi firiza, a rubuta kwanan wata a murfin. Shinkafa na da haɗari na musamman: akwai ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da ke tsira daga dahuwa, in shinkafar ta kwana a waje sai ta saki dafin da ɗumame ba ya kashewa, kuma ba lallai wari ya nuna ba. A huce ta cikin awa ɗaya, a cinye washegari. Kowane ɗumame a yi shi sau ɗaya tak, har tururi ya tashi daga tsakiya.

Akwai abin da sayensa ya fi. Abincin da ke buƙatar lita guda ta mai don suya, ko kayan ƙamshi iri goma da ba za a sake taɓawa ba, mai zama shi kaɗai gara ya saya. In an sayo, a raba shi biyu tun kafin a fara ci, a haɗa da ganye ko wake na gida, rabin kuma ya shiga firji nan take.